A Duba Zuciya Kafin a Ba Ta Magani

Duk ɗalibin likitanci da ya karanta babin ciwon zuciyar masu jego, ko a Landan yake ko a Alƙahira, da wuya ya kai ƙarshensa bai ci karo da sunan Zariya ba. A shekarun 1970, lokacin da Farfesa Eldryd Parry ke koyar da likitanci a Jami'ar Ahmadu Bello, shi da abokin aikinsa Davidson sun bi diddigin mata 224 waɗanda zuciyarsu ta gaza a kan gaɓar haihuwa, suka wallafa sakamakon a 1978. Sun lura da kunun kanwa, da wankan jego da ruwa mai tsananin zafi, da kwanciya a kan gadon ƙasa da aka hura wa wuta a ƙarƙashi, suka nuna yadda gishirin kanwa da zafi ke tara wa zuciya nauyin da ya fi ƙarfinta. A 1979 kuma wani rahoton ya fito daga nan Zariya, wanda a cikinsa aka duba irin waɗannan mata da na'urar ɗaukar hoton zuciya ta hanyar sauti, wadda likitoci ke kira eko. Wato na'urar da yau talakan Samaru ke jin labarinta kamar abin ƙasar waje, ta yi aiki a garin nan fiye da shekara 40 da suka wuce.

Amma je ka kasuwar Samaru ko ta Sabon Gari da yamma, ka tsaya kusa da shagon kemis. Dattijo zai zo yana haki, ya ce daga bakin titi zuwa nan sai da ya tsaya ya huta. A ɗaura masa abin awo a dantse, a ga lamba ta ɗan hau, a ce hawan jini ne. Idan ƙafa ta kumbura, a haɗa masa da maganin sa fitsari. Ya biya, ya yi godiya, ya tafi. Sau da yawa hasashen yana dacewa, domin hawan jini shi ne kan gaba wajen lalata zukatan manya a ƙasar nan. Sai dai akwai mutanen da wannan haɗin magani ke kai su ƙasa, kuma saboda su nake wannan rubutu. Matsayina ɗaya ne: wanda ya zo da haki, ko jiri, ko nauyin ƙirji idan ya yi tafiya, ballantana wanda ya taɓa suma, kada a ɗora shi kan magani na watanni sai an ga zuciyarsa da ido.

Ni malamin bayoloji ne a makarantar sakandare, kuma kowace shekara nakan zana zuciya a allo: ɗaki huɗu, biyu sama, biyu ƙasa. Ɗakin hagu na ƙasa shi ne mai aikin ƙarfi, shi ke tura jini cikin babbar jijiyar da ake kira awota zuwa kai da ciki da ƙafafu. Kafin jinin ya fita sai ya ratsa wata 'yar hanya, sannan ya tarar da bawul mai marfi uku, wanda ke buɗewa da kowane bugu ya sake rufewa don kada jini ya koma baya. Ka ɗauke shi kamar fita daga gida, sai ka bi ta zaure kafin ka kai ƙofar waje. Ƙofar na iya cijewa ta ƙi buɗuwa sosai. Bangon zauren ma na iya yin kauri ya matse hanya, alhali ƙofar lafiyarta ƙalau. Wanda ke jiranka a waje jinkirin kawai zai gani, ba zai san a ina ka maƙale ba.

Cijewar ƙofar ita ce tsukewar bawul. Bawul ɗin babban mutum idan ya buɗe yakan kai murabba'in santimita 3 zuwa 4. Idan ya koma ƙasa da 1, likitoci na cewa abin ya yi tsanani. Tsufa na kawo ta, inda sinadarin kalsiyam ke taruwa a marfin har ya ƙandare. Wasu kuma da marfi biyu aka haife su maimakon uku, kimanin mutum 1 zuwa 2 cikin 100, kuma irin nasu ya fi saurin ƙandarewa. Akwai kuma wadda ke biyo bayan ciwon maƙogwaro na yarinta, wadda zan dawo kanta. Ciwo ne mai daɗewa shiru, amma da zarar ya fara magana ba ya ɗaukar lokaci. Tun 1968 likitoci biyu na Amurka, Ross da Braunwald, suka nuna cewa idan ba a canza bawul ba, wanda ya fara ciwon ƙirji yakan yi kimanin shekara 5, wanda ya fara suma shekara 3, wanda zuciyarsa ta fara gazawa shekara 2. Rai na hannun Allah, amma wannan shi ne abin da aka gani ana maimaitawa.

Kaurin bangon kuwa wani ciwo ne daban, kuma gadonsa ake yi. Wani likitan binciken gawa a Landan, Donald Teare, ya bayyana shi a 1958 bayan ya duba zukatan mutum takwas, yawancinsu masu ƙarancin shekaru da suka mutu kwatsam. Bangon zuciyar mai lafiya ba ya cika wuce milimita 11. Idan ya kai 15 ba tare da wani dalili da ya isa ya bayyana hakan ba, ko 13 ga wanda ciwon ke cikin danginsa, sai a fara zancen wannan cuta. Wani bincike da aka wallafa a Amurka a 1995, wanda ya haɗa baƙaƙe da farare, ya same ta a kimanin mutum 1 cikin 500. Idan namu lissafin ya yi kusa da wannan, to a cikin dubun dubatan ɗaliban da ke kai da kawowa tsakanin Samaru da Kongo akwai gommai da ke ɗauke da ita, kuma yawancinsu ba su sani ba. Uba ko uwa mai ita, kowane ɗa da ya haifa yana da rabi da rabi: ko ya gada, ko ya tsira.

Ga inda rikicin yake. Hawan jini da ya daɗe yana sa bango ya yi kauri. Bawul da ya tsuke shi ma yana sa bango ya yi kauri, tunda tsoka ce ke fama da tura jini ta ƙaramar kafa. Ga kuma kaurin gado. Dattijo ɗaya na iya ɗauke da biyu daga ciki, ko ma duka ukun, kuma kukansa iri ɗaya ne: haki, jiri, nauyin ƙirji. Abin awon dantse ba ya iya raba su.

A gidanmu muka ga wannan. Baffana, ƙanin mahaifina, hatsi yake sayarwa a kasuwar Sabon Gari tun ina yaro. Mutum ne da na sani yana cicciɓar buhun masara shi kaɗai ya aza a kan amalanke. Da ya haura sittin sai haki ya fara kama shi. A wani ƙaramin asibiti aka ce hawan jini ne, aka rubuta masa nifedifin da maganin fitsari, daga nan ya ci gaba da saye a kemis duk sanda suka ƙare. Kumburin ƙafarsa ya saɓe, amma jiri ya ƙaru. Wata rana cikin bazara, bayan la'asar, yana tsugune yana auna wa wata mata gero, ya miƙe zai karɓi kuɗi, sai ya zube tsakanin buhuna. Aka yayyafa masa ruwa ya farfaɗo. 'Yan layi suka ce rana ce ta buge shi. Da ya sake faɗuwa a wurin alwala, sai muka kai shi babban asibiti.

Likitan da ya duba shi matashi ne, bai kai sa'an babban ɗan Baffa ba. Ya daɗe da abin saurare a ƙirjin tsohon, ya matsar da shi gefen wuya, ya dawo da shi ƙasan nono. Sannan ya ce, "Baba, don Allah a ɗan tsuguna mini."

Baffa ya dube ni, ya dube shi. "Likita, a tsugune?"

"E, Baba. Ina riƙe da ku, ba za ku faɗi ba. To, yanzu a miƙe a hankali."

Bai ɗauke abin sauraren daga ƙirjin ba, tsugune da tsaye. Daga baya ya yi mini bayani. Jini idan yana ratsa matsattsiyar hanya yakan yi wani huci da kunne ke kamawa. Hucin bawul yana hawa zuwa jijiyoyin wuya, kuma yana raguwa idan mutum ya miƙe tsaye. Hucin bango kuwa ƙaruwa yake idan aka miƙe, ya lafa idan aka tsuguna, domin a tsaye jinin da ke komawa zuciya yana raguwa, ɗakin ya ƙanƙance, hanyar ta ƙara matsewa. A ƙirjin Baffa ya ji alamar duka biyun. Wannan gwaji ko sisi ba ya ci, kuma a lokacin na gane dalilin da ya sa faɗuwar tasa ta zo daidai sanda ya miƙe daga awon gero.

Sai ya yi tambayar da ba wanda ya taɓa yi masa. "Baba, a danginku akwai wanda ya taɓa faɗuwa ya rasu haka nan, ba jinya?" Baffa ya yi shiru, ya sunkuyar da kai. Sannan ya ambaci ƙaninsu, wanda ya faɗi a gona yana huɗa bai kai shekara talatin ba, aka ce iska ce ta buge shi. Na taso ina jin sunan mutumin a addu'ar kakarmu, ban taɓa jin an danganta mutuwarsa da zuciya ba.

Ranar ɗaukar hoton, an kwantar da shi a gefen hagu a ɗaki mai ɗan duhu, aka shafa masa wani mai mai sanyi a ƙirji, aka ɗora kan na'urar tsakanin haƙarƙari. Ba allura, ba yanka, ba zafi. A fuskar na'urar na ga abin da na shekara ina zanawa da alli yana motsi da kansa. Likitar da ta ɗauki hoton ta nuna mini bangon tsakiya da ya kumburo ciki, da yadda marfin wani bawul na kusa ke fizgowa ya taɓa shi da kowane bugu, ya ƙara toshe hanyar. Ta nuna mini bawul ɗin awota, fari fat saboda ƙandarewa, yana buɗewa da ƙyar. Sannan ta auna gudun jini a wurare biyun daban. Zanen gudun da ke ratsa bawul yana hawa da sauka a daidaice, na bango kuwa yana jinkiri sannan ya yi tsini a ƙarshe. Raba waɗannan biyu shi ne aikin da ke buƙatar ƙwararren hannu, domin wuraren suna dab da juna, kuma mai gaggawa na iya auna ɗaya ya rubuta shi da sunan ɗayan.

Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne bayanin magungunan. Toshewar da kaurin bango ke yi ba a tsaye take wuri ɗaya ba. Tana ƙaruwa idan ɗakin zuciya ya rasa isasshen jini, idan jijiyoyi suka saki, ko idan zuciyar ta matsa da ƙarfi fiye da kima. Maganin fitsari yana rage ruwan jiki. Nifedifin da danginsa suna sakin jijiyoyi. Digozin, wanda aka daɗe ana bai wa masu gazawar zuciya, yana ƙara ƙarfin matsawa. Kowannensu magani ne na ƙwarai a wurin da ya dace, amma ga mai toshewar bango suna iya zama abin da ke kayar da shi. Haɗa da zafin Maris da Afrilu na Zariya, da gumi, da gudawa idan ta zo, da yini ba ruwa. Haɗa da magungunan ƙarfin maza da ake tallarsu a tasha da lasifika, waɗanda su ma sakin jijiyoyi suke yi. Duk wanda ke shan maganin hawan jini kada ya karanta wannan ya ajiye ƙwayoyinsa. Barin su haka kawai na iya jawo shanyewar ɓarin jiki. Abin da nake roƙo shi ne, idan jiri ko suma ya zo bayan fara magani, a koma wurin likita a faɗa masa, a kuma nemi hoton zuciya.

An sauya wa Baffa magani zuwa irin wanda ke rage gudun zuciya, ya ba ɗakin lokaci ya cika kafin ya matsa. Dangin bisofrolol da atenolol ke nan, kuma ana samunsu a garin nan ba da tsada mai yawa ba. Jirin ya ragu sosai. Bawul ɗinsa an ce yana mataki na tsakiya, za a riƙa duba shi lokaci zuwa lokaci. Maganar azumi ce ta fi yi masa ciwo. Likita ya ce yini ba ruwa a irin wannan zafi haɗari ne gare shi. Ya je ya sami limamin unguwarsu, shi ma ya ce masa ya ciyar, Allah bai ɗora wa rai abin da ba zai iya ba. Na same shi ranar farko ta watan azumi yana zaune a ɗaki da kofin ruwa a gabansa ya kasa ɗauka, hawaye na bin gemunsa. Tun yana ɗan shekara goma sha bai taɓa shan azumi ba.

Ya kamata a faɗi gaskiya game da iyakar ƙwaya. Babu maganin sha da ke buɗe bawul da ya ƙandare. An gwada magungunan rage kitsen jini a manyan bincike, ba su hana tsukewar ci gaba ba. Idan ta yi tsanani, sai canji. Shi ma kaurin bango, idan ƙwaya ta kasa, akwai aikin da Andrew Morrow ya gyara hanyarsa a Amurka a shekarun 1960, inda ake buɗe ƙirji a yanke wani yanki na tsokar da ta toshe hanya. A 1994 Ulrich Sigwart a Landan ya fito da wata dabarar: a zura siririn bututu ta jijiya, a ɗiga sinadarin alkohol a cikin 'yar jijiyar da ke ciyar da wurin, tsokar ta mutu ta sirance. A 2002 kuma Alain Cribier a birnin Rouen na Faransa ya fara sa sabon bawul ta cikin jijiya ba tare da tsaga ƙirji ba. Akwai sabon maganin sha mai suna mavacamten da Amurka ta amince da shi a 2022, amma kuɗinsa ya fi ƙarfin kusan kowa a nan. Wanda kuma aka ga yana cikin haɗarin tsayawar zuciya kwatsam, akwai 'yar na'ura da ake dasawa a ƙarƙashin fata, wadda ke ba zuciya wuta ta dawo da ita kan hanya.

Ga mai ciwon biyu a haɗe, tsarin aikin yana da muhimmanci ƙwarai. Idan aka canza bawul kaɗai ba a lura da bangon ba, zuciyar da ta saba turawa da ƙarfi sai ta tarar da ƙofa a buɗe, ta matse fiye da da, bangon ya rufe hanyar, jini ya faɗi warwas a kan gadon aiki ko jim kaɗan bayansa. Likitoci sun ga wannan sun rubuta shi. Shi ya sa ake yin aikin biyu a tiyata ɗaya ga mai ƙarfin jurewa, ko a fara rage bangon sannan a sa bawul daga baya ga wanda ya tsufa. Wannan magana ta shafe mu kai tsaye, domin mutanenmu na sayar da gona da fili su tafi Indiya ko Masar da takarda guda a hannu. Duk wanda zai yi irin wannan tafiya, ya tambayi likitansa ƙarara ko an auna hanyar da ke ƙarƙashin bawul ɗin, ba bawul ɗin kaɗai ba. Ya kuma tambayi irin bawul da za a sa masa. Na ƙarfe yana daɗewa, amma sai an sha wafarin har ƙarshen rai tare da gwajin jini a kai a kai, abin da ke da wuya ga mazaunin ƙauye, ke kuma da haɗari ga mace mai haihuwa. Na nama, wanda ake yi daga jikin saniya ko alade, ba ya buƙatar wannan, amma yakan gaji bayan kimanin shekara 10 zuwa 15. Musulmi yana da haƙƙin ya san wanne ne, ya nemi na saniya, ya kuma tuntuɓi malaminsa tun kafin a kwantar da shi.

Bayan an gama da Baffa, likita ya ce a kawo 'yan'uwansa da 'ya'yansa duka a duba su. Nan aka sha gardama a gida. Gwaggonmu ta ce, "Ku rufa mana asiri. In aka ji ciwon zuciya a gidan nan, wa zai zo neman auren yaran?" Ban ga laifinta ba, domin ta san garin da take ciki. Amma mun taɓa bin wannan hanya. Shekarun baya maganar gwajin sikila kafin aure abin kunya ce, yau iyaye da kansu ke tambayar takardar, har Jihar Kano ta mayar da gwajin kafin aure doka a 2024. Kuma wannan ciwo ba dalilin fasa aure ba ne. Yawancin masu shi suna rayuwa irin ta kowa, su yi aure, su haihu, su tsufa, musamman idan an san da shi. An duba mu. A cikin 'ya'yan Baffa an sami ɗaya, saurayi mai buga ƙwallo a filin unguwa kowace yamma, wanda bai taɓa kukan komai ba. Ba a hana shi motsa jiki ba. An dai zauna da shi an yi masa bayanin abin da zai kiyaye, an kuma sa shi cikin waɗanda ake bibiya. Ƙananan da ba a ga komai a nasu ba an ce a maimaita musu idan sun ƙara girma, saboda kaurin yakan bayyana ne lokacin balaga ko bayanta.

Masu kallon ƙwallo sun san wannan labari ko da ba su san sunan ciwon ba. Ranar 26 ga Yuni 2003, Marc-Vivien Foé na Kamaru ya faɗi a tsakiyar fili a birnin Liyon ana wasa da Kolombiya, ba wanda ya taɓa shi, kuma binciken gawarsa ya nuna kaurin tsokar zuciya. Kafin shi, ranar 12 ga Agusta 1989, Samuel Okwaraji ya faɗi a filin wasa na ƙasa da ke Legas ana karawa da Angola, shi ma zuciya ce. Nwankwo Kanu kuwa, bayan zinaren Atlanta na 1996, gwajin lafiya a ƙungiyar Inter Milan ya gano matsala a bawul ɗinsa na awota, aka yi masa aiki a Amurka, ya dawo ya yi shekaru yana wasa. Shi an duba shi tun yana tsaye da ƙafafunsa. A garin da ke da jami'a mai gasar wasanni, da barikin horar da kuratan soja, da ƙungiyoyin ƙwallo a kowace unguwa daga Hayin Dogo zuwa Muciya, bai yi yawa ba a ce kowane koci ya tambayi yaro abu biyu kafin ya ba shi riga: ka taɓa suma kana gudu, kuma akwai wanda ya mutu kwatsam yana matashi a gidanku?

Mu al'umma ce da ke gaggauta binne mamaci, kuma ba na neman a canza wannan. Sai dai sakamakonsa shi ne, saurayin da ya faɗi ya rasu da safe, kafin azahar an kai shi makwanci, kuma ba wanda zai san abin da ya faru a ƙirjinsa. Ajali ne ya zo, wannan ba musu. Amma ya bar ƙanne da 'ya'ya masu rai, waɗanda kowannensu na iya ɗauke da abin da ya ɗauka. Ina roƙon limamai da dattawan unguwa, idan irin wannan rasuwa ta faru, bayan an share makoki wani babba ya ja uban gefe ya ce, "Malam, a kai sauran yaran a duba musu zuciya." Maganarsu ta fi ta likita shiga.

Na san abin da wasu za su ce. A jihar da zazzaɓin cizon sauro da tamowa da mutuwar mata wurin haihuwa ba su ƙare ba, wane ne ke da lokacin ciwon mutum 1 cikin 500? Tambaya ce mai nauyi. Amsata ita ce na'urar ba ta ciwo ɗaya ba ce. Wadda ta ga bangon Baffa ita ce za ta ga zuciyar mai jego da ta kumbura, da ta mai hawan jini da ta fara gajiya, da bawul ɗin yarinyar da ciwon maƙogwaro ya ci. Wannan na ƙarshe shi ne ya fi ƙona mini rai, domin ana iya hana shi. Yaro ya yi ciwon wuya da zazzaɓi, a kai shi wurin wanzami a cire beli, ko a ba shi farasitamol a manta. Bayan makonni gaɓoɓi su kumbura, bayan shekaru bawul ya lalace. Fenisilin a kan lokaci yana tare wannan. Fiye da mutum miliyan 40 ke ɗauke da ciwon a duniya, kusan dukansu a ƙasashe matalauta, har Majalisar Lafiya ta Duniya ta zartar da ƙuduri a kansa a 2018. A Gulu da ke arewacin Uganda an duba yaran makaranta fiye da 100,000 da na'urar eko, aka raba waɗanda aka ga ciwon ya fara musu a ɓoye gida biyu. Cikin waɗanda aka riƙa yi wa allurar fenisilin duk wata, ƙasa da 1 cikin 100 ne ciwon ya ci gaba a shekara biyu. Cikin waɗanda ba a yi wa ba, kimanin 8 cikin 100. An wallafa wannan a 2021. Yau akwai ƙananan na'urori da ake haɗawa da wayar hannu, kuma an nuna cewa ma'aikatan jinya na iya koyon duban farko su tura wanda suka yi shakka ga ƙwararre.

Muna da abin da Gulu ta Uganda ba ta fi mu ba. Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello yana Shika tun 2005, tafiyar mintuna daga Samaru, da likitocin zuciya da ɗalibai masu neman aikin bincike. Jihar Kaduna ta ware cibiyar lafiya a matakin farko ɗaya a kowace mazaɓa daga cikin 255. Abin da ya rage shi ne a haɗa su. A sa ƙaramar na'ura a manyan asibitocin gwamnati na Sabon Gari da Zariya, a horar da mutum biyu ko uku a kowanne, a ware rana guda a mako da ƙwararre daga Shika zai duba hotunan da aka tara. Ƙungiyar masu kemis ta gaya wa mambobinta cewa haki da suma ba na kanta ba ne, a tura su asibiti. Yawancinsu mutanen kirki ne da ke cike gurbin da gwamnati ta bari, kuma idan aka ba su wurin turawa za su tura.

Sai maganar kuɗin aiki, wadda ba ta da daɗin ji. An yi tiyatar buɗe zuciya ta farko a Nijeriya a Inugu cikin 1974, tare da Magdi Yacoub, likitan nan ɗan asalin Masar. Bayan fiye da shekara 50, har yanzu cibiyoyin da ke yin ta a kai a kai ƙalilan ne, kuma kuɗin miliyoyin naira ne da iyali ke fitarwa daga aljihu. A Abuja aka yi alkawari a 2001 cewa ƙasashen Afirka za su ware wa lafiya kashi 15 cikin 100 na kasafinsu, kuma gwamnatin tarayya ba ta cika shi ba. Dokar inshorar lafiya ta ƙasa ta 2022 ta wajabta inshora ga kowa, Kaduna ma tana da hukumarta ta taimakekeniyar lafiya. Ina kira ga hukumar inshorar tarayya da ta jihar su tabbatar hoton zuciya na cikin abin da ɗan kasuwa da manomi za su samu da katinsu ba tare da dogon turanci ba, su kuma buɗe asusu na musamman don canjin bawul, wanda masu zakka da attajiran Sabon Gari za su iya zuba wa kuɗi su ga inda ya tafi. Bawul ɗin Baffa yana ci gaba da tsukewa a hankali, kamar yadda aka gaya mana zai yi, kuma mun fara tara abin da za mu iya a tsakaninmu. Abin da muka tara zuwa yanzu ko kusa bai kai ba.